Lamba ta Saba'in da Uku

A Sheffield ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ki ji shi a wuyan rigarki.
Kowace Laraba nakan shiga laburaren unguwa
da kwamfutar hannu goma sha biyu
da takardun tambaya masu akwati biyar-biyar:
na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba,
sauran biyun na masu gardama ne.

Wata shida ina awo.
Daƙiƙa nawa yatsa ke lalube kafin ya taɓa harafi,
kalma nawa ido ke haɗiya a minti guda.
Mutum ɗari biyu da huɗu na zuba a jadawali,
suka kwanta layi-layi kamar kunyar gona.
Dakta Pemberton ta ga zanen yana hawa, ta gyaɗa kai,
sannan ta ɗora bakin biro kan wani ɗigo
da ya faɗo can ƙasa shi kaɗai.
"Wannan fa? Ko ki cire shi, ko ki je ki ji."

Na je.
Sunansa Baba Ilu,
mai gadin dare a ma'ajiyar katifu.
Na kunna rikoda, ya turo min shayi.
"Jarrabawarki da hantsi take zuwa, 'yata,
ni kuwa hantsi ne tsakar darena."
Ya zaro waya mai tsagaggen gilashi,
ya haska kwalin maganin matarsa,
wayar ta karanta masa da muryar Baturiya,
ya sa ta maimaita sau uku,
sannan ya rubuta a murfin kwalin
daga dama zuwa hagu:
ɗaya da asuba, biyu bayan isha'i, ban da madara.
Shekara tara bai kuskure ƙwaya ba.

Jadawalina sifili ya ba shi.

A bas, tagar duk raɓa, na tuna Inna Tabawa
da take cewa ido ba mudu ba, ya san ƙima.
Amma ita ɗin ma
ban taɓa ganin ta sayar da gero babu mudu ba.

Ban cire ɗigon ba.
Yana nan a babi na huɗu, inda ya faɗi,
da shafi bakwai na muryarsa a ƙarƙashinsa,
har da tarin da ya yi a minti na sha ɗaya.

Takardar baɗi kuwa na ƙara mata tambaya biyu,
babu akwati, fili kawai na bari:
Yaushe kake barci?
Ta wane gefe kake fara rubutu?