Maigadin Bututu

Bututun kankare arba'in da biyu aka sauke
ranar sunan jikata.
Na baro taro, ko goro ban karɓa ba,
na ƙirga su a gaban ɗan kwangila Ofori.
Ya miƙo mini tocila da usur,
ya ce, "Baba Isaka, wata shida ne kacal."

Yau Sakinatu ce ke kawo mini koko.
Ita ma tana ƙirga su da yatsa,
takan ɓata a sha tara, ta koma farko.

Sawaba sunan unguwarmu.
Wanda ya raɗa shi bai kwana nan da damina ba.
In hadari ya haɗo ta wajen Asokore
mata sukan ɗora murhu bisa benci,
a naɗe tabarmin masallaci a rataye,
kwata ta cika ta batse,
ta bi gida-gida tana mayar wa kowa ajiyarsa.
Abin da ka zubar da asuba
shi zai yi maka sallama bayan isha'i.

Ga allon aikin can a tsaye.
Rana ta lashe ranar gamawa,
tsatsa ta cinye lambar farko ta kuɗin,
ta bar mana sifilai a jere.

Ofori ya ce kuɗi na Ankara.
Ankara ta ce takarda na Kumasi.
A Kumasi aka ce saura sa hannu ɗaya,
mai hannun kuma an yi masa canjin ofis.
Magajinsa ya ce a sake lissafi,
sidi ya rame, siminti ya yi ƙiba,
kuɗin bara ba ya sayen yashin bana.
Lissafin na kan tebur tun azumin da ya wuce.

Ba na zagin Ofori.
Ina bin sa albashin wata goma sha ɗaya,
amma na san ya sayar da tifarsa.
Na gan shi a Kejetiya yana layin mota,
ya gan ni, ya shiga duba takalminsa.
Wani lokaci sidi hamsin kan faɗo a wayata
ba tare da ko gaisuwa ba.

Ramin da suka haƙa
daga injin niƙa zuwa bayan makaranta
yana nan, baki buɗe.
Mun gitta masa katako biyu.
Nan Lariba ta zame da tukunyar wake,
har yau da sanda take zuwa kasuwa.
Kwaɗi sun samu gari,
sauro ya yi jikoki.

Ana saura sati uku zaɓe
wasu suka zo da fararen hulunan kwano,
da sabon shebur mai ƙyalle a wuya.
Mai hoto ya ce in ɗan matsa gefe.
Na matsa.
Ƙasar da suka ɗiba, ruwan daren ya mayar.

Akuyar Fuseni ta haihu a bututu na bakwai.
Wani yaro daga Bawku ya kwana wata biyu a na ƙarshe,
ban kore shi ba, da wane baki?
Ni kaina a na uku nake fakewa.

Jiya Sakinatu ta leƙa ɗaya,
ta kira sunanta, ya amsa mata.
Ta ce, "Kaka, me za a zuba a ciki?"
Na ce, "Ƙazantar gari duka,
ta bi ƙarƙashin ƙasa ta tafi."
Ta dubi tsintsiyar hannuna.
"To me ya sa kake share su?"

Ban ba ta amsa ba.
Duk Juma'a nakan bi su ɗaya bayan ɗaya.
Kaf Sawaba, in kana neman wuri busasshe,
mai tsabta, marar wari,
zo in nuna maka.
Guda arba'in da biyu ne.