Yana Shiga, Ba Ya Juyawa

Arzika ya shimfiɗa tsumma a bakin ƙofa,
ƙofar da ta kwana tawa, nan Bukoki.
Ya kwance noti, ya zaro dunƙulen tagulla
kamar mai fidda ƙwallo daga cikin dabino,
ya miƙo mini murfin gwangwanin madara:
"Riƙe, Malam, kada hanjin ya zube a rairai."

Na riƙe. Wa ya aike ni?
Ni ake kora, ni ke tallabe da kayan korar.

Ga ramuka biyar a jere.
Kowane rami ƙusa biyu, wata bisa wata,
ƙwayar shinkafa ta fi wasu tsawo,
can sama ɗan risor, siririn waya a murɗe,
yana danna su ƙasa dare da rana,
bai taɓa neman hutu ba.

"Wannan mai zagayawa, mu zuciya muke ce mata.
Wannan da ya rungume ta, gida.
Tsakaninsu iyaka ce, ba ta kai gashi kauri ba.
Ƙusa guda ta gitta iyakar nan,
to zuciya ta kafe, ko jaki ka ɗaura."

Ya karɓi lakilena, ya ɗaga shi ga rana.
"Haƙoran nan ba ado ba ne.
Gajeriyar ƙusa tudu take so,
doguwa kwari,
kowace a ɗaga ta gwargwadon abin da ta rasa.
In kawunansu sun daidaita kan iyaka,
na sama su tsaya a gida, na ƙasa su bi zuciya,
sai ka ji ƙaras, harshe ya koma ciki."

Alhaji Gado yana tsaye da carbi da waya.
Ba ya sayen sabo, ya faɗa tun safe,
wata huɗu na haya sun ishe shi asara.
Dala ɗari suka yi ciniki.

Ashe abin bai da yawa.
Da ɗan hantsaki Arzika ya ɗauki ta biyu,
ya kai ta ramin ta huɗu,
ta huɗu ta dawo na biyu.
Shi ke nan. Ba a ƙara kome ba, ba a rage ba.
Ya goga sabon lakile da zarto,
garin tagulla na zuba bisa yatsan ƙafarsa,
ya hura, ya gwada, ya sake gogawa.

Salamu ta riga ta bi kura zuwa Talaje,
katifa, rishon girki, akwatin takardun ɗalibaina.

Da suka sha kwana na koma, ni kaɗai.
Na zura nawa.
Ya shige har wuya, santsi, ya san hanya,
shekara uku yana bin ta cikin duhu.
Na ji su suna hawa, suna sauka bisa haƙoransa,
uku sun gaishe shi,
biyu sun ce ba su san shi ba.

Na murɗa a hankali. Na murɗa da ƙarfi.
Na bari, kada ya karye a ciki
a ce in biya.

Yana aljihuna yanzu, da igiyarsa shuɗiya.
Gobe ina da darasin awo da ƴan aji biyar,
kullum sai sun tambaye ni
me ake yi da milimita guda.