Shaddar Cindo

Mu goma sha bakwai muka taso daga Agege,
teloli zalla, sai mai guga ɗaya,
a motar haya mai tari kamar tsohon maƙeri.
Ladidi ta ƙulle kuɗin adashi a bakin zane.

A Badagiri aka miƙo mana sarƙa,
ta wuya, tsatsa ta ci rabinta.
Barau sarkin surutu ya ɗaga, ya ajiye,
bakinsa ya mutu har gaɓar teku.
Inda yashi ya ƙare
aka ce wanda ya wuce nan bai sake ganin gida ba.
Ni da nake awon wuyan mutane kullum,
sai na tura hannu aljihu.

Da la'asar cunkoso ya karkata mu Ilufeju.
Ganga, shewa, Indiyawa cike da farfajiya
suna watsa wa juna gari,
ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa.
Holi, in ji mai gadi, murnar wucewar sanyi,
a garin da ko bargo ba mu saya.

Wata tsohuwa ta matso, ta tambaya da ido.
Cindo mai guga, shadda fara sol,
ya ce a'a da baki,
ya sunkuyar da goshi.
Garin ya zubo har aljihun gaba.

A hanyar gida ba a yi waƙa ba.
Barau na ta murza tafinsa a gwiwa.
Cindo na duban ƙirjinsa yana murmushi,
wai gobe zai jiƙa ta.
Yau kwana tara, tana rataye a shago.