Gurbi Goma Sha Biyu

Jungudo ne ya fara faɗa min
a ɗakinsa na Gwallameji, fanka tana juyi da ƙyar:
"Tebur ɗaya ai zaman jiran gawon shanu ne.
Buɗe biyu. In hannu ya faɗa, buɗe huɗu."

Na buɗe biyu.
A na hagu wani baƙo, sunansa lambobi zalla,
ya turo kuɗi tsakiya.
A na dama sarki biyu suka zo min a jere.
Ina zura wa hagu ido, ina auna ko burga ce,
agogon dama ya cinye daƙiƙunsa,
ya watsar min da sarakunan kamar ruwan wanke-wanke.
Dubu uku, kuɗin gyaran takalmina.
Jungudo ko ɗagowa bai yi ba.

"Kada ka so karta," in ji shi.
"Mummuna ce, zubar. Kyakkyawa ce, ƙara, ka wuce.
Wanda ya tsaya ganin ƙarshen hannu ɗaya
ya bar uku suna ƙonewa a baya."

Ƙonewa.
Kalmar ta kai ni bakin Wunti da asuba,
inda Inna take zaune gaban tanda tun kafin a yaye ni.
Gurbi goma sha biyu, tsinke ɗaya, ludayi ɗaya.
Tana zuba wa na farko ƙullu, idonta na kan na bakwai,
kunnenta na wurin mai neman canjin ɗari biyar.
Ba ta ƙirga. Ƙamshi ne agogonta.

Sai na jera teburan yadda take jera nata,
uku sama, uku ƙasa, a kwamfutar aro mai tsagaggen gilashi.
Na koyi fara daga wanda ya fi zafi.
Na koyi rufe baki da zuciya tare.
Sati uku ina ƙona masa,
na huɗu yatsana ya fara sanin hanya ba tare da ni ba:
zubar, zubar, bi, ƙara, zubar.
Data ta ƙare sau biyu a tsakiyar hannu,
an ɗauke wuta ina riƙe da tara uku,
na yi ta zagin duhu har maƙwabci ya buga bango.

Wani daren Laraba na tashi da dubu arba'in da ɗaya.
Ban san fuskar ko mutum guda da ya rasa su ba.
Ladan ya kira, na ji kamar da wani yake.

Na taka har Wunti saboda barci ya ƙi.
Inna na tari, hayaƙi ya cika mata ido.
Ta miƙo min tsinken: "Riƙe, Gidado, in sha ruwa."
Na zauna a kujerarta mai ɗumi.
Na zuba, na juya, na kwashe, na zuba,
sha biyun nan duka suna magana ina amsawa,
ko ɗaya bai yi baƙi ba.
Wani ɗan acaɓa ya karɓi ta ɗari uku,
ya tsoma a miya, ya lumshe ido,
ya biya, ya ce an gode.
An gode. A teburana ba mai cewa haka.

Inna ta tsaya a kaina da kofi a hannu,
tana kallon yatsuna.
"Ikon Allah. Yaushe ka iya?
Wa ya koya maka?"

Waya ta motsa a aljihuna, Jungudo ne,
na san abin da zai ce: gwada takwas.
Na ce, "Ke ce, Inna."
Ban yi ƙarya ba.
Shi ya sa har yanzu maganar take ƙuna a harshena,
kamar masar da aka ci kafin ta huce.