Ni Na Ɗinka Wa Sarkin Riga

Ni na ɗinka wa sarkin nan riga
da barguna uku na gwanjon Katako
da labulen wani otal da ya rufe a Bukuru.
Ladan da aka ba ni kujera ce a layi na biyu,
ni Barau tela, da ban san ko "sannu" da Rashanci ba.

Nanret mai shirya wasan ta ce sunansa opera:
ba a magana, komai sai an rera,
ko ruwa za ka roƙa, ko bashi za ka musa.
Na ce a raina, an yi asarar barguna.

Sai aka ja labule.

Ƙararrawar fada ta fara.
Ƙarafunan tayar mota ne, na san garejin,
a gabana aka sauke su daga a-kori-kura,
amma da suka yi kuka
sai da haƙoran bakina suka amsa.

Ga sarki ya fito. Pam ne,
Pam mai dankali na Farin Gada,
wanda muke ja-in-ja a kan naira ɗari.
Ya buɗe baki, murya ta taso
kamar daga ƙasan tsohon ramin kuza,
mai sanyi, mai duhu, ba a ganin gindinta.
Ban ji kalma ɗaya ba,
amma na gane mutumin nan ya aikata wani abu
kuma barci ya yi masa yaji tun daga ranar.

Dattijon da ke gefena, Injiniya Tanko,
shekara shida ya yi a can yana karatun ƙarfe.
Ya raɗa mini, "Lafazinsu duk a karkace yake."
Yana faɗa yana bin su da leɓe,
hular sanyinsa a hannu, ta jiƙe.

Ba zan ɓoye aibu ba, tela ba ya ɓoye ɗinki.
Gemun waziri ya zame har wuya.
Goge huɗu ne kacal, inda ake son ashirin.
Ƙanƙarar da ke zuba daga sama
soson katifa ne, yara biyu ke yayyafawa,
ɗayansu ma ya yi atishawa.
Sauran aikin sanyin Jos ne ya ƙarasa shi kyauta.

Ana tsakiyar taron talakawa a ƙofar fada
aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu, ya ƙi.
Ba wanda ya tsaya.
Baki arba'in cikin duhu,
'yan Unguwar Rogo da 'yan Jenta,
Asabe da Kachollom kafaɗa da kafaɗa,
suna roƙon burodi da harshen da ba na kowa ba a cikinsu.
Yunwa ba ta nemi tafinta ba.
Muka kunna fitilun waya ɗaya bayan ɗaya,
har fuskokinsu suka dawo.

Mutuwar sarki ta yi tsawo, gaskiya.
Da a asibiti ne, da an kira 'yan uwa sau uku.
Ya faɗi, ya tashi, ya yi wa ɗansa wasiyya,
ya sake faɗi.
Amma wa ya taɓa sauka daga kujera da sauri?

A faɗuwar ƙarshe maɓalli ya tsinke daga ƙirjinsa,
ya gangaro matakala uku
ya tsaya a bakin takalmina.
Mutane na tafi, Injiniya na ihu da Rashanci,
ni kuwa na sunkuya na ɗauka.

Laifina ne, zare ɗaya na sa.
Ban auna da cewa ƙirjin Pam
zai buɗe haka ba.

Gobe akwai wasa na biyu.
Zan zo tun la'asar da allura,
in ninka zaren sau huɗu,
in kuma ce wa Nanret kujerar nan tawa ce.