Katin Cima

Ran Laraba na sake hawa kabu-kabu daga Garin Malam,
dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa,
makulli ƙulle a bakin mayafi
kamar mai zuwa buɗe rumbu.
Akwati mai lamba ɗari biyu da sha huɗu:
yanar gizo, sai takardar kuɗin ruwa,
ruwan da famfonmu bai gani ba tun watan jiya.

Malam Mato ya leƙo ta taga,
tabarau a karan hanci, tawada a yatsa.
"Hajiya, buhu bai iso ba."
Wane buhu, na Sallar bana ko na bara?
Wai motar Agadas ta kwana a Tanut.
Shekara nawa ke nan tana kwana a Tanut?
Ko kasa ba ta irin wannan barci.

Cima ta rantse daga Arlit ta aiko.
Kati ne, in ji ta, mai jan fure,
ta lashi tambur da harshenta,
ta danne shi da babban yatsa,
ta rubuta sunana da manyan baƙaƙe
don kada wani ya ce bai gane ba.
Ni ma na rantse na aika nawa,
mai hoton duwatsun Birni da hantsi.
Ta ce ba ta gani ba.
Muka yi shiru a waya, kuɗi na tafiya,
kowace na auna rantsuwar ƴar'uwarta.
Nono ɗaya muka sha,
ga shi takarda ta sa muna zargin juna.

Da dare nakan bi sawunsu.
Wataƙila buhun ya faɗo a wani kwari,
akuya ta tauna barka da Sallata
ta bar wa gara barka da shan ruwa.
Wataƙila wata mai ƙosai a tasha
ta naɗe na dala biyar da gaisuwar yayata,
mai ya jiƙe "Allah ya maimaita mana",
wani direba ya goge baki ya yar.

Yara suna yi mini dariya:
"Inna, ga waya, ki yi mata murya mana."
Na yi. Muryar ta je kafin in rufe baki.
To amma murya ba ta zama a bayan gilashin kabad,
ba a ajiye ta ƙarƙashin kwalla,
ba ta da karkatacciyar "mim" ɗin Cima
wadda malaminmu na lakwal ya kasa miƙarwa.

Sai ran Asabar, ana shirin kulle ƙofa,
Malam Mato ya fito har bakin titi
yana ɗaga ambulan kamar ya kamo fara.
Gefe ya yage, ruwa ya taɓa shi ya bushe,
hatimi uku: Arlit, Yamai, da wani gari
da ko shi bai iya karantawa ba.

A tsaye na buɗe.
Jan furen ya koma ruwan ƙasa.
"Barka da arziki, Allah ya raya Sahura.
Ga jaka biyu ki sai mata ƴan kunne."
Na zazzage, na leƙa, na sake zazzagewa.
Jaka biyu dai ta sauka a wata tasha.

Sahura kuwa tana riƙe da gefen zanena,
haƙorin gaba ɗaya ya fita,
ta ce, "Inna, wace jaririya aka haifa?"

Ban ba ta amsa ba. Na koma taga.
Malam Mato, ba ni tambur ɗaya, mai kyau.
Zan rubuta wa Cima cewa na gani, na gode,
ta yafe mini shirun da na yi a waya.
A ƙasa zan ƙara barka da auren Sahura,
in motar ta tashi daga Tanut
ya isa a kan kari.