Shuɗin Zare a Kan Taswira

Ranar Laraba aka aike ni Birni,
taswira nannaɗe a hammata,
takarda mai gida-gida a hannu:
yara nawa, pampo nawa, aji nawa.
Can ƙasa, a gidan ƙarshe, ɗan ƙanƙane,
"tsofaffi da sauran masu buƙata."
Ni na buga ta a ofishin magajin gari,
yatsana bai ko yi tuntuɓe ba.

Iya Magaram na tsince zogale a faifai.
Ta ce in shimfiɗa taswirar a ƙasa,
ta danne gefe da takalminta, gefe da taɓarya.
"Wannan shuɗin zaren fa?"
Na ce lambatu ne, Iya, nan ruwa zai bi.
Ta yi dariya har kallabi ya zame.
"Shi ruwan ya faɗa maka?
Shekarar da aka yaye ubanka
ya gangaro daga duwatsun can da dare,
bai bi nan ba.
Bayan majema ya bi,
ya ci katangar Illa baduku, ya tafi da awaki uku.
Ruwa ba ya ɓatan hanya, yaro,
mu ke gina ɗaki a kanta mu manta."
Ta ja wani layi da yatsa mai lalle,
ɗanyen ganye ya bar kore a takarda.

Baba Nomau ya tura kurar ga-ruwa
shekara talatin da ɗaya, tsakanin Zango da Garin Malam.
Ya san pampon da ke kawowa ƙarfe uku na dare,
ya san wanda tari kawai yake yi.
Ya ce, "Kada ku kafa sabo bakin titi
don manya su gan shi ranar buɗewa.
Ku kai shi gindin bedi,
inda layin jarka zai samu inuwa."

Ban tambaye shi abin da yake buƙata ba.
Na manta, ina ta rubutu.

Malam Kyari kuwa allura ya yi wa rabin unguwa
kafin ya ajiye farar riga.
Ya ce, "Matakala bakwai ce tsakanina da likita,
da gwiwa na ƙirga.
Mai ciki ma bakwai take hawa,
mai goyo bakwai,
kada ka rubuta don tsoho.
Daga nan zuwa kasuwar Dole
babu dakali ko ɗaya da mutum zai sauke numfashi.
In za ku dawo, ku bar buhun shinkafa,
ku bar mai ɗaukar hoto.
Ku dai daina taro da tsakar rana a saman bene,
ku sauko tsakar gida bayan la'asar,
za ku ga ko mun ƙare."

Na koma, takarda duk ta yamutse.
Shugaba ya ce, nawa ka samu?
Na ce, masu buƙata? Ɗaya, ranka ya daɗe,
ga shi tsaye gabanka.
Bai yi dariya ba.
Ya daɗe yana duban koren layin,
ya ce kuɗin bana ba su kai lambatu ba,
amma dakali biyu, a yi,
taro kuma a sauko da shi ƙasa.

Saura wata biyu damina.
Jiya Iya ta aiko jikarta da alkaki a leda,
wai a tambaye ni ko na gusar da zaren.
Na gusar, a takarda.

Da yamma na bi ta asibiti, ba ciwo ya kai ni ba.
Shekarata talatin da biyu.
Na hau a hankali, ina ƙirgawa.
Bakwai ne.